Likita ya ce sai an yanke wani ɓangare na gaban yayana, shi kuma ya ƙi, ana rayuwa bayan wannan aikin kuwa?

Ƙanin_Malam: Salamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da maganar da zan kawo, akwai nauyi amma ba yadda zan yi. Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, shekarunsa 57, ashe ya fi wata takwas yana fama da wani ɗan gyambo a kan kaciyarsa bai faɗa wa kowa ba, yana ta shafe-shafe da shan maganin sanyi, sai da abin ya fara wari yana zub da jini sannan matarsa ta kira ni tana kuka. Mun je asibiti an yanki ɗan nama an kai awo, sakamako ya fito wai ciwon daji ne na azzakari, ni wlh ban ma taɓa jin ana yin daji a wurin ba. Likita ya ce za a yanke wani ɓangare, kuma wai har matsematsinsa za a buɗe a duba kaluluwa alhali shi ba ya jin komai a wurin. Yaya ya ce atafau, gara ya mutu da abinsa cikakke. Tambayata ita ce wanda aka yi wa aikin nan yana rayuwa kuwa? Kuma da gaske ne da zarar wuƙa ta taɓa daji sai ya bazu?

Ummu_Safwan: Innalillahi. Allah ya ba shi lafiya ya sa kaffara ce.

Sarkin_Musu: Tsaya tukuna. Yayan naka ba shi da kaciya ne? Don ni abin da na sani mai kaciya ba ya yin wannan ciwon, ciwon marasa kaciya ne. Ku sake awon a wani wuri kafin a nakasa bawan Allah a banza.

Ƙanin_Malam: Yana da ita tun yana yaro. Kuma awon sau biyu aka yi, duka abu ɗaya suka faɗa.

Likitan_Mafitsara: Wa alaikumus salam. Ƙanin_Malam sannu, Allah ya ba Yaya lafiya. Ban duba shi ba don haka ba zan yanke hukunci a kansa ba, likitan da ya gan shi ya fi ni sanin halin da yake ciki, amma zan faɗi yadda ciwon yake. Sarkin_Musu ka yi rabin gaskiya. Kaciyar da aka yi tun yarinta tana rage haɗarin sosai, saboda babban abin da ke jawo shi loɓa ce da ta matse ba ta ja baya, datti da kumburi su yi ta taruwa shekara da shekaru. Amma ragewa take yi, ba ta hanawa gaba ɗaya. Akwai ƙwayar cutar HPV da ake ɗauka ta hanyar saduwa, musamman nau'i na 16, wadda ake samu a wajen rabin masu ciwon, akwai shan taba, akwai wani ciwon fata da ke sa wurin ya yi fari ya ƙandare, akwai raunin garkuwar jiki, sai kuma shekaru, yawanci daga 50 zuwa sama ne.
Maganar wuƙa tana baza daji kuwa ba haka ba ne. Abin da ke faruwa shi ne mutane suna zuwa a makare, ciwon ya riga ya tafi, a yi aiki, bayan wata uku a ga ya fito wani wuri sai a ce wuƙa ce. A wannan ciwon tiyata ita ce babban magani. Kusan duka, wajen kashi 95 cikin 100, daga fatar wurin yake farawa, kuma yana da hanya ɗaya da yake bi: daga gaban zuwa kaluluwar matsematsi, daga nan zuwa ta cikin ƙugu, sai daga baya ya kai huhu ko hanta ko ƙashi. In aka tare shi kafin ya wuce matsematsi ana warkewa.

Gwani77: Likita ka ba shi lamba mana, mutumin ya tambaya ana rayuwa ko ba a rayuwa.

Likitan_Mafitsara: Toh Gwani. Alƙaluman da aka fi ambata na Amurka ne, daga rajistar masu ciwon daji ta ƙasar. Wanda aka gano ciwon yana nan a gaban kaɗai, kusan 80 cikin 100 suna kai shekara 5. In ya shiga kaluluwa ko naman da ke kusa, sai ya sauko zuwa wajen rabi. In ya kai gaɓoɓi masu nisa, wajen 10 cikin 100 ne kawai. Ka ga tazarar da ke tsakani ai. Shi ya sa mu hankalinmu yana kan matsematsi, majinyaci kuma hankalinsa yana kan abin da za a yanke.

Ƙanin_Malam: Shekara 5 kawai kenan ko da an yi aikin?? To ai in na faɗa masa haka ya ƙara samun hujja.

Nas_Mai_Dare: A'a ɗan'uwa ba haka ake nufi ba, kar ka je ka faɗa masa haka don Allah. Shekara 5 ma'auni ne kawai da masu lissafi suke tsayawa a kai, ba wa'adi ba ne. Wannan ciwon in zai dawo yawanci a shekara 2 na farko yake dawowa, shi ya sa ake ce wa mutum ya riƙa zuwa duk wata 3 a wannan lokacin, daga baya a rage. Wanda ya haye shekara 5 lafiya da wuya ya dawo masa, sai ya ci gaba da rayuwarsa har tsufa.

Tsohon_Direba: Ni ba na yawan magana a nan amma yau dole in yi, don ni an yi min. Shekara 7 kenan. Nawa ya fara kamar ɗan ƙurji ja mai kauri, ba zafi, shi ne ma ya yaudare ni don na ɗauka abin da ba ya ciwo ba ya kisa. Na yi wata biyar ina ɓoyewa. Da aka ce za a yanke na yi kwana uku ban runtsa ba, na faɗi irin maganar da yayanka ya faɗa kalma da kalma. Abin da ya karya ni ƙaramar 'yata ce, lokacin tana aji biyu, na dube ta na ce wato zan bar yarinyar nan marainiya saboda ɗan yanki da bai kai yatsa ba. An cire min kan da ɗan abin da ke bayansa, aka ɗebo fata daga cinyata aka rufe. Ina fitsari a tsaye, sai dai yana ɗan watsuwa sai na koyi dabara. Iyali kuma muna tare, ba kamar da ba, ba zan yi maka ƙarya ba, amma ana yi. Ka ce wa Yaya wani ɗan'uwansa da ya bi hanyar yana gaishe shi, in yana so mu yi magana ta akwatin sirri ni a shirye nake.

Ummu_Safwan: Allahu akbar. Baba Allah ya saka da alheri, ba kowane namiji ne zai iya fitowa ya faɗi wannan ba.

Sarkin_Musu: Na ji na yarda da maganar kaciya. Amma har yanzu ban gane ba, mutum ba ya jin komai a matsematsi, likita ya taɓa bai ji komai ba, a kan me za a farke shi? Wannan ba neman aiki ba ne kuwa?

Likitan_Mafitsara: Tambaya mai kyau ce wannan. Hannu ba ya jin ƙwayoyin dajin in suna ƙanana, sikanin ma sau da yawa ba ya ganinsu. Cikin waɗanda aka taɓa ba a ji komai ba, wajen mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar ciwon ya riga ya shiga a ɓoye. In aka cire a lokacin, sakamakon ya fi kyau nesa ba kusa ba a kan a jira sai ta kumbura sannan a cire. Ba kowa ake yi wa ba, ya danganta da zurfin ƙarin da irin zafinsa a ƙarƙashin madubin awo. Kuma akwai hanya mai sauƙi, a yi allurar wani ruwa mai alama da shuɗin rini kusa da ƙarin, a bi shi a ga kaluluwar farko da ya sauka a ciki, ita kaɗai a cire a auna. In tana da tsabta a bar sauran. Abin sha'awa ma wannan ciwon yana cikin na farko da aka gwada dabarar a kansu, wani likita ɗan Faraguwai mai suna Ramon Cabanas ya wallafa ta a 1977, daga baya aka gyara ta ta zama abin da ake yi wa masu dajin nono a ko'ina. Sai dai ba kowane asibiti ke da kayan ba, inda babu sai a yi aikin buɗewa.

Maman_Biyu: Ni mahaifina ne, Allah ya jiƙansa. Shi kaluluwar ta kumbura har ana gani, aka ce ai ƙwayoyin cuta ne daga gyambon, aka ɗora shi a kan maganin kashe ƙwayoyin cuta sati shida, ya ƙare aka sake wani, kafin a farga wurin ya fashe ya zama wani gyambon da ya fi na farko, wari ba a iya zama ɗakin sai da haƙuri, ya rasu wata goma sha ɗaya bayan an gano. Har yau in na tuna sati shidan nan sai zuciyata ta yi zafi. Ƙanin_Malam ku naku bai kai nan ba, kar ku bari ya kai, ku taru a kansa har sai ya yarda.

Nas_Mai_Dare: Allah ya jiƙan Baba. Wannan jiran na sati huɗu zuwa shida tsohon tsari ne, da can haka ake koyarwa, yanzu ƙa'idojin ƙungiyar likitocin mafitsara ta Turai sun bar shi. Kaluluwa ta kumbura a mai wannan ciwon, a soka allura a ɗebo a auna kawai, ba jira.

Ɗan_Boko: Amma me ya sa kowa ke maganar yanka kamar ita kaɗai ce hanya? Na karanta ana yin gashi, wato ƙona ƙarin da haske na musamman, har ma da man shafawa. Ƙanin_Malam ku tambayi gashi, ƙila Yaya ya fi yarda da shi.

Likitan_Mafitsara: Akwai su Ɗan_Boko, amma kowanne da matakinsa. Man shafawa irin imikwimod ko 5-FU na wanda ciwon yake saman fata ne kawai bai nutsa ba, shi ma ƙonawa da hasken leza haka. Gyambon da ya yi wata takwas yana jini da wuya a ce yana wannan matakin. Gashi kuma gaskiya ne, akwai wanda ake dasa siraran allurai masu tururin gashi a cikin ƙarin na 'yan kwanaki, yana aiki ga ƙari ƙarami da bai kai santimita 4 ba kuma yana kan kaciya, mutane da yawa sun tsira da gabansu ta haka. Amma shi ma yana da nasa, bakin hanyar fitsari kan tsuke, nama kan mutu, in ciwon ya dawo kuma yankan dai za a koma. Kuma yi wa gaban gashi ba ya ɗauke maganar matsematsi, wannan tana nan daram.
Abin da zan ce su tambaya shi ne ko za a iya aikin da ke barin mafi yawan gaban. Da can ƙa'ida sai an bar tazarar santimita 2 daga bakin ƙarin, yanzu an gano 'yan milimita sun isa muddin awo ya nuna gefen yana da tsabta. Irin wanda aka yi wa Tsohon_Direba kenan. Ciwon ya fi saurin dawowa a wurin in an yi irin wannan, amma in mutum yana zuwa dubiya ana kama shi a sake cirewa kuma yawanci ba ya rage tsawon rai. Dawowa a matsematsi ita ce mai haɗari.

Gaskiya_Ɗaci: Ni dai tunda aka ambaci HPV na yi shiru. Kowa ya san ta inda ake ɗaukarta. Mutum ya tsare kansa kawai.

Maman_Biyu: Haba malam. Mutum na kwance kana wannan magana? Irin wannan bakin ne yake sa maza ɓoye ciwo har ya kashe su wlh.

Nas_Mai_Dare: Gaskiya_Ɗaci ka koma ka karanta abin da Likita ya rubuta, rabi ya ce, sauran rabin ba ruwansu da HPV. Kuma ita ƙwayar yawancin mutanen duniya masu aure ko tarayya suna haɗuwa da ita a rayuwarsu, jiki ya kore ta ba su sani ba, tana iya kwanciya shekara 20 kuma mutum na iya samunta daga aure na halal. Ba a gane halin mutum da ita.

Ƙanin_Malam: Na gode Nas. Yaya dai taba ce matsalarsa, ya fi shekara 30 yana sha. Amma kun tuna min, matarsa tana ta tambaya ko ita ma za ta ɗauka.

Nas_Mai_Dare: Daji ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ta kwantar da hankalinta. Amma ta je a yi mata awon bakin mahaifa, wannan dama kowace mace ya kamata ta yi. Tabar kuma ya ajiye ta tun kafin aiki, tana hana rauni warkewa, fatar da aka dasa ma tana iya ƙin kamawa.

Ɗan_Boko: Shi ya sa wasu ƙasashe suka fara yi wa yara maza riga-kafin HPV ba mata kaɗai ba, Birtaniya ta fara a 2019. Can ma sun tattara masu wannan ciwon a 'yan cibiyoyi kaɗan tun wajen 2002, saboda ciwon ba shi da yawa, likita na iya shekara bai ga ko ɗaya ba, to gara a tura wa wanda hannunsa ya saba. A duniya gaba ɗaya an ƙiyasta sabbin kamu kusan 36,000 a 2020, mutuwa wajen 13,000. Ya fi yawa a wasu sassan Afirka da Indiya da Kudancin Amurka, arewa maso gabashin Burazil na cikin inda ya fi tsanani.

Gwani77: Ɗan_Boko mun gode da lacca amma mu dawo kan mutumin nan. Tsohon_Direba, kai an taɓa maka matsematsin? Don ni abin da na ji shi ne ya fi wahala.

Tsohon_Direba: An taɓa, gefen hagu an kwashe duka don an samu a guda ɗaya, dama kuma ƴan kaɗan aka cire. Gwani ba a yi maka ƙarya ba, ya fi na gaban wahala nesa. Na yi sati uku da robar da ke janye ruwa, ɗinkin ya buɗe a gefe sai da aka yi ta wanki, kuma har yau ƙafar hagun tana kumbura in na daɗe a zaune, shi ya sa ma na bar doguwar tafiya. Ina sa safa mai matsewa, in na kwanta in ɗora ƙafar a kan matashi, ina kiyaye kar in ji rauni a ƙafar don saurin ruruwa take. Amma guda ɗayan nan da aka samu fa ba wanda ya ji ta da hannu, ni ma ban ji ba. Da an bar ta da yanzu wani labarin ake.

Sarkin_Musu: To na sauka daga musun matsematsi. Amma in aka ce duka za a cire fa? Nan kam ni ma ban san me zan zaɓa ba, kar mu yi wa juna ƙarya.

Hajiya_Babba: Ni zan amsa maka ɗana, don mijina duka aka cire masa, shekara 4 yanzu. An buɗe masa hanyar fitsari a ƙasa, tsakanin maraina da dubura, a zaune yake yi kuma yana riƙe fitsarinsa sarai ba ya zuba, don abin da ke riƙewa yana can ciki ba a taɓa shi ba. Marainan suna nan, muryarsa da gemunsa da ƙarfinsa ba abin da ya canza. Shekarar farko ce ta yi mana tsanani, ya daina fita, ya daina dariya, har cewa ya yi in ina so ya sawwaƙe min. Na ce shekara 31 ban zauna da kai don wannan kaɗai ba. Sai da muka samu mai ba da shawara kan damuwa sannan ya dawo hayyacinsa, kuma ni ina ganin wannan ɓangaren likitoci ba sa ba shi haƙƙinsa, su yanka su ɗinke su ce Allah ya sawwaƙe. Ƙanin_Malam matar yayanka ita ce makamin da kuke da shi, tsoronsa ba na mutuwa ba ne, tsoron idonta yake. Ta zauna da shi su biyu ta faɗa masa da bakinta.

Likitan_Mafitsara: Hajiya kin faɗi gaskiya kuma na karɓi laifin a madadinmu.

Ɗan_Boko: Ana ma iya sake ginawa da fatar hannu ko cinya bayan an tabbatar ciwon ya tafi. Har dashen gaban wani mutum an yi, na farko da ya yi nasara a Afirka ta Kudu a 2014, sannan a 2016 aka yi wa wani mai irin wannan dajin a Boston ta Amurka.

Likitan_Mafitsara: An yi, amma dashen 'yan ƙalilan ne a duk duniya kuma sai mutum ya sha maganin danne garkuwar jiki har ƙarshen rayuwa, wanda ga mai tarihin daji abin dubawa ne. Kar a sa wa Yaya rai da shi. Sake ginawa kam ana yi a manyan cibiyoyi.

Gwani77: Kemo fa, maganin dajin nan da ake sawa ta jijiya? Ba wanda ya ambace shi.

Likitan_Mafitsara: Kemo shi kaɗai ba ya warkar da wannan. Ana ba da shi in kaluluwar ta yi girma ko ta manne ko ta shiga ƙugu, a haɗa magani uku, paklitaksel da ifosfamaid da sisplatin, zagaye huɗu, don ta motse a samu yankewa. A binciken da aka yi a cibiyar daji ta MD Anderson a Amurka da aka wallafa a 2010, mutum 30 ne kuma rabinsu ƙarin ya ja baya. Ka ga ko a nan tiyata ce ke biyo baya. Fatanmu Yaya ba zai kai ga buƙatarsa ba.

Ƙanin_Malam: Jama'a na gode, wlh ban zaci zan samu haka ba. Jiya da daddare na karanta masa maganar Tsohon_Direba da ta Hajiya, bai ce komai ba ya juya fuska bango, amma da safe ya ce in tambayi likitan santimita nawa zai rage. Bai ce ya yarda ba fa. Ranar Talata za mu koma, na rubuta tambayoyi: ko za a iya barin mafi yawa, ko gashi zai yiwu, ko suna da awon kaluluwar farkon nan. Na matsematsin ne har yanzu yake cewa a bari sai ya ga kumburi.

Maman_Biyu: Kar ku yarda da wannan sai ya ga kumburin. Ka karanta masa nawa ni ma, ko da zai ji ba daɗi.

Tsohon_Direba: Na turo maka saƙo ta sirri, ka duba. In ya fi son dare in kira shi da dare, lokacin da ba kowa kusa.

Sarkin_Musu: Likita tambaya ta ƙarshe, ba don ni ba don wani abokina, ɗan tabo fari da ya yi wata biyu a wurin ba ya ƙaiƙayi ba ya zafi, shi ma sai an je?

Nas_Mai_Dare: Duk abin da ya wuce sati huɗu a wurin bai tafi ba a je a nuna. Ka ce wa abokin naka gobe da safe, kuma likitan mafitsara ko na fata zai nema.